Filin Mai Keke: Mu Tara Ne, Kwana Ɗaya Za Mu Yi a Hanya

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Mu tara ne, abokai tun muna makaranta, kowa da kekensa. Mun yi shawarar mu fita daga birni ranar Asabar, mu kwana a waje, mu dawo ranar Lahadi. Gardamar da ta taso kan nisa ce. Mutum uku cikinmu kullum suna kan keke, sun ce in ba za a yi kilomita 100 ba gara a zauna a gida. Mu sauran kuwa iyakarmu zuwa wurin aiki da dawowa, akwai ma wanda sai da ya kakkaɓe wa nasa keken ƙura da aka fara maganar. Ni aka ɗora wa nauyin tsarawa, ban kuwa taɓa yi ba. Nisa nawa ya kamata mu yi, me za mu ɗauka, kuma yaya za a yi mu dawo ba a ɓata da juna ba? Daga wani mai bibiyar filin nan.

AMSA: Ƙanena, barka kadai. Tun kafin in kai ƙarshen wasiƙarka na san wanda ya kamata ka tsara tafiyar nan a kansa: mai kakkaɓe ƙurar nan. Gwanayen nan uku ba su da matsala, duk inda ka kai su za su je su dawo. Shi ne zai nuna ƙarfe nawa za ku isa masauki, shi ne kuma zai nuna ko za a sake irin wannan fita. Ayarin keke ba ya wuce gudun mutumin ƙarshe, komai saurin na gaba, domin a ƙarshe dole a tsaya a jira shi.

Zo mu yi lissafi. Ayarin da aka gauraya gwanaye da 'yan koyo, kowa da kaya a bayansa, ni ban saba ganin ya wuce kilomita 12 zuwa 15 a awa ba, wannan ma lokacin da tayoyi ke juyawa ke nan. Ɗauki 13. Kilomita 100 ta zama awa takwas ba kaɗan, zalla a kan sirdi. Ba ka sa tsayawar shan ruwa ba, ba ka sa cin abinci ba, ba ka sa faci ba, ba ka sa cunkoson fita daga birni ba. Mutum tara kuwa ba sa tsayawa lokaci guda: wannan igiyar kayansa ta kwance, wancan sarƙarsa ta zame, wani zai zagaya. Kafin ka ankara awa takwas ta koma goma sha ɗaya, duhu ya same ku a hanyar da ba ku sani ba. Sannan ga abin da mutanenka uku suka manta: duk abin da kuka yi ranar Asabar bashi ne, ranar Lahadi za ku biya shi da ƙafafun da suka riga suka gaji da mazaunan da suka yi tsami. Kilomita 100 ɗin da suke faɗi, 200 ce.

Ni dai shawarata, ku nemi masauki tsakanin kilomita 35 zuwa 45 daga inda za ku taru. Awa uku ce ta tuƙi, da tsaye-tsaye ta kama huɗu da rabi ko biyar. Su gwanayen, kada ka yi musu da su. In an isa an sauke kaya, su zagaya su ƙaro kilomita 20 ko 30 a kekuna marasa nauyi, su dawo su tarar an shirya wurin kwana. Kowa ya samu abin da ya fito nema. Akwai wani Ba'amurke mai sana'ar kekuna, Grant Petersen, da ya yayata irin wannan fita da sunan S24O, wato fitar da ake kwana a waje amma ba ta cika awa 24 ba: a tashi da yamma, a kwana kusa, a dawo da hantsi. Hikimar abin ita ce kusancin. In ka manta wani abu, ko barci bai yi daɗi ba, dare ɗaya ne ka sha wahala, gobe kana gida.

Kan hanya, abin da ya fi cin rai shi ne kilomita goman farko. Bakin birni nan ne manyan motoci suke, nan ne mahaɗar hanyoyi suke, nan ne direbobi ke gaggawa. Saboda haka kada ka zaɓi wurin haɗuwa a tsakiyar gari don kawai kowa ya san shi. Ku haɗu a gefen birni, ɓangaren da za ku fita, kowa ya kawo kansa can shi kaɗai, ya fi sauƙi a kan a ja mutum tara a jere cikin cunkoso. Ku tashi da sassafe, kafin hanya ta cika, kafin rana ta yi zafi. In akwai hanya biyu, babbar kwalta miƙaƙƙiya da ƙaramar hanya mai zagaye, ɗauki ƙaramar ko da za ta ƙara muku kilomita biyar. Awa guda kana jin iskar tirela tana tura ka gefe ta fi awa biyu a hanyar da babu kowa gajiyarwa.

Taswirar waya tana da amfani, amma ka sauke ta a wayar tun kana gida, Google Maps da OsmAnd duk suna ba da damar haka, domin inda za ku fi bukatarta nan ne sabis ke ɗaukewa. Sai dai taswira ba za ta gaya maka an kwashe kwaltar wani wuri ba, ko yashi ya cinye hanya, ko gadar da ta nuna ta karye. Zuwa da kai ya fi aike. Mako guda kafin tafiya, kai da mutum ɗaya ku bi hanyar, ko da a babur ne ko a mota. Ku lura da inda ake samun ruwa, inda tudu yake, inda mai faci yake zama, da inda mutum zai iya samun motar da za ta dawo da shi da kekensa in abu ya faskara. Ku kuma duba ta ina iska ta saba kaɗawa a wannan lokaci. In da zaɓi, ku fuskanci iskar ranar tafiya, ta turo ku ranar dawowa. Wanda bai taɓa tuƙa keke iska na dukan ƙirjinsa ba zai ɗauka wasa nake, amma juriyar iska tana ninkuwa huɗu ne duk lokacin da saurinta a jikinka ya ninka biyu, shi ya sa fili miƙaƙƙe kan zama kamar tudun da ba ya ƙarewa.

Yanzu sai kekunan, nan kuwa zan ɗan daɗe, domin nan aka taɓa kunyata ni. Shekarun baya mun fita mu shida, ni ne mai kayan gyara, ina taƙama da tiyub uku sababbi da famfo. Rana ta yi sanyi, saura kamar kilomita takwas mu isa, sai tayar wani abokinmu ta baya ta yi fus. Na durƙusa na ɓalle tayar, na zaro tiyub ɗin, na ga tsagar ta yi tsawon ɗan yatsa dab da gindin bawul, wurin da faci ba ya kamawa. Na ce ba komai, na ɗauko sabo. Na tura bawul cikin ramin rim, ya ƙi shiga. Na juya, na sake turawa, ya ƙi. Ashe kekensa mai siririn bawul ne, nawa kuwa duka uku masu kauri ne irin na mota. Haka muka tura kekuna da ƙafa mu shida, da tocila biyu, muka isa bayan kowa ya yi barci. Har yau in muka haɗu sai ya tambaye ni lafiyar tiyub ɗina uku.

To, bawul iri uku ne. Akwai Schrader, mai kauri irin na tayar mota, faɗinsa kamar milimita 8. Akwai Presta, siriri mai ɗan noti a kai da ake murɗewa kafin a ba da iska, kamar milimita 6. Akwai kuma Dunlop, na tsofaffin kekuna, wanda ya ci sunan John Boyd Dunlop, likitan dabbobin nan da ya yi wa keken ɗansa tayar iska a Belfast, ya yi mata rajista a 1888. Mai kauri ba ya shiga ramin siriri, kuma ba kowane famfo ne ke kama dukkansu ba. Ka sa kowa ya ɗauki hoton bawul ɗinsa da rubutun da ke gefen tayarsa ya turo maka. A rubutun, kada ka tsaya kan inci, yana ruɗi. Nemi lambobi biyu masu ɗan layi a tsakani, kamar 40-635 ko 37-622: ta farko faɗin taya ce, ta biyu girman da'irar rim, daga wannan baki zuwa wancan ta tsakiyar wili, duk a milimita. Tayoyi biyu na iya amsa sunan inci 28, ɗaya 635 ɗaya 622. Haka inci 26, akwai 559 akwai 590. Tiyub roba ne, yana ɗan miƙewa ya yafe ƙaramin bambanci, amma taya ba ta yafe ko milimita kaɗan. Dokata tun daga ranar nan: kowa ya zo da tiyub ɗinsa guda, wanda ya dace da kekensa, a aljihun kayansa.

Kayan gyaran da za a yi tarayya a kansu ba su da yawa: famfo biyu da aka gwada a kan kowane keke, faci da sholisho wanda ba a taɓa buɗewa ba (buɗaɗɗe yakan bushe a cikin kwalinsa ba ka sani ba), abin ɓalle taya, alanki (ɗan lanƙwasasshen ƙarfen kwance noti, mai kusurwa shida) lamba 4 da 5 da 6, sifana lamba 15 don kekunan da ake ɗaure wilinsu da noti, sukudireba, filaya, ɗan mai na sarƙa, da yankin tsohuwar taya kamar faɗin tafin hannu, wanda ake sakawa daga ciki in gefen taya ya tsage. In an yi faci, kafin a mayar da tiyub, a zagaya da yatsa a hankali cikin tayar a nemo ƙayar ko ƙusar da ta yi ɓarnar. Na sha ganin an sa sabon tiyub a kan tsohuwar ƙaya, an yi taku ɗari an sake durƙusawa. In kuwa ka ga huji biyu gefe da gefe kamar saran maciji, ba ƙaya ba ce, ƙarancin iska ne: taya ta daki dutse ko bakin rami, rim ya matse tiyub ɗin. Keke mai kaya yana son iska fiye da yadda ka saba ba shi, musamman tayar baya, amma kada ka wuce iyakar da aka rubuta a gefen tayar.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda zai kai kekensa wurin mai gyara, ya kai da saura mako guda, ya hau shi kwana biyu uku ya ga ko gyaran ya zauna. A duba birki gaba da baya, a duba sifok ko akwai wanda ya saki, a sa wa sarƙa mai. A kuma daidaita sirdi: mutum ya zauna, ya ɗora diddigensa a kan feda lokacin da take can ƙasa, ƙafar ta miƙe sarai. Da yawa cikin masu kukan ciwon gwiwa sirdinsu ne ya yi ƙasa. Sannan ku yi fitar gwaji ta kilomita 15 ko 20 da ainihin kayan da za ku ɗauka. A nan ne za ka gane wanda kariyar kekensa ke rawa, da wanda ya ce zai iya alhali ba zai iya ba, tun ana kusa da gida.

Kaya su hau keke, kada su hau mutum. Jakar goyo mai nauyi tana jiƙa baya da gumi, tana danne mazaunai a kan sirdi, bayan awa biyu kafaɗa ta fara magana. A ɗaure a kariya, masu nauyi a ƙasa, kuma a duba kada igiya ko bakin bargo ya riƙa lilo kusa da wili. Abin da ya fi komai nauyi ruwa ne, lita ɗaya kilo ɗaya ce cif. A zafi mutum na iya bukatar rabin lita zuwa lita guda duk awa, ka ga ba mai iya ɗaukar na kwana biyu, shi ya sa na ce ka san wuraren ƙari tun farko. Abinci kuwa, a riƙa ɗan taɓawa duk awa tun kafin yunwa ta zo, mai sitaci da ɗan gishiri. Sukarin da jiki ya tanada a tsoka yakan ƙare bayan kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki mai ƙarfi, in ya ƙare kuwa za ka ga ƙato ya sauka ya zauna a bakin hanya ƙafafunsa na rawa, yana jin haushin kowa ba dalili.

A kan hanya ka ba gwanayenka aiki, shi ne maganin ƙorafinsu. Ɗaya a gaba, wanda ya san hanya, ba mai wuce shi. Mafi ƙarfinsu kuma a can baya, da famfo da kayan gyara, ba ya barin kowa a bayansa. A kowace mararraba a tsaya sai an cika tara. Ga kuma wani zalunci da ake yi ba da niyya ba: na gaba sun isa inuwa sun huta minti goma, na ƙarshe yana isowa yana haki sai a ce to mu tafi. Shi da ya fi kowa bukatar hutu shi ne bai samu ko minti ɗaya ba. Ku ƙa'ide cewa hutu yana farawa ne daga lokacin da mutumin ƙarshe ya sauke ƙafarsa. A hanya mai motoci ku bi layi ɗaya, ta ɓangaren da motoci ke bi, ba kuna fuskantarsu ba, ku rabu gida biyu da tazara don mai mota ya samu inda zai shiga in yana wuce ku. Kada tayar gabanka ta shiga gefen tayar bayan wani, in ya kauce wa rami kai ne a ƙasa. Kada kuma kowa ya kutsa gefen babbar mota a kwana, direban ba ya ganinka. Hular kwano ga kowa, fitila fara a gaba, ja a baya, ko da kun yi niyyar isa da rana. Yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan zirga-zirgar hanya ma abin da ta nema ga keke ke nan: birki mai ci, ƙararrawa, da waɗannan fitilun.

Masauki kada ya zama "in mun je ma gani". Ko ɗaki za ku kama ko tanti za ku kafa, a yi magana da mai wurin tun kafin ranar, a gaya masa yawanku, a tambayi inda kekuna tara za su kwana. In a fili ne, a nemi izinin mai filin, a guji kwarin rafi ko da ya bushe ƙurmus, domin ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa na iya gangarowa cikin dare. Kada a shigar da garwashi ko risho cikin tanti ko rufaffen ɗaki don jin ɗumi, iskar da suke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Kowa ya riƙe busassun tufafi na kwana a cikin leda, da abin rufa, sanyin asuba ba ya raga wa wanda ya kwanta da rigar gumi. Ku isa da sauran rana aƙalla awa biyu.

Saura abu biyu da nauyinsu ke kanka kai kaɗai. Ka tambayi kowa a keɓe ko yana da wata lalura, kamar asma ko ciwon suga ko sikila, da inda yake ajiye maganinsa. Ka kuma bar wa wani a gida hanyar da za ku bi, inda za ku kwana, da lokacin da in bai ji daga gare ku ba zai fara nema. In a hanya wani ya fara jiri da ciwon kai da tashin zuciya, inuwa da ruwa da hutu. In ya fara ruɗewa yana magana ba kan gado, wannan ya wuce gajiya: a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nemi mota zuwa asibiti nan take. Kuɗin abin da za a yi tarayya kuwa, a tara shi hannun mutum ɗaya kafin a tashi, lissafi da gajiya ba sa haɗuwa a zauna lafiya.

TAMBAYA: Malam, kekena tsoho ne, ba shi da giya. Abokaina sun ce in nemi aro in ina son bin su irin wannan tafiya. Gaskiya ne?

AMSA: Ɗan'uwa, kada ka ari komai. Keken da jikinka ya saba da shi ya fi baƙon keke mai giya ashirin da ɗaya wanda sirdinsa bai san ka ba. Thomas Stevens ya zagaya duniya tsakanin 1884 da 1886 a kan keke mai ƙatuwar tayar gaba, ba giya, ba ma sarƙa. Kilomita 40 ba za ta gagari naka ba. In ka zo tudun da ya fi ƙarfinka, sauka ka tura, sau da yawa za ka iso sama kusan tare da masu giyar. Birkinka kawai nake so ka duba sosai, musamman in irin na sandar ƙarfe ne a kan rim na ƙarfe, domin in ruwa ya taɓa shi ba ya ci da wuri, ga kaya a baya, ga gangara.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 15 ya dame ni in bar shi ya bi yayyensa irin wannan fita ta kwana. Zuciyata ba ta kwanta ba. Me ka gani?

AMSA: Yaya, rashin kwanciyar zuciyar nan daidai ne, amma ƙarfin yaron ba shi ne abin dubawa ba, ɗan shekara 15 da ya saba hawa keke yakan gajiyar da manya. Kira wanda ya tsara tafiyar ki yi masa tambaya huɗu: wace hanya za su bi, ina za su kwana, ƙarfe nawa za su isa, kuma wane babba ne takamaimai zai riƙe yaron a hannunsa daga fita har dawowa. In ya amsa ba inda-inda, ki bar shi ya je, ki karɓi lambar mutum biyu cikinsu, ki ce a sa shi a tsakiyar layi, ba gaba ba, ba ƙarshe ba. In kuwa ya fara sosa ƙeya yana cewa ai ba wani nisa ba ne, yaron ya jira fita ta gaba.